Goggo Mai Rumfa da Shuɗiyar Kujera

Duk kujerar da ta dawo daga haya, sai Goggo ta zauna a kanta kafin a shigar da ita ɗakin ajiya. Ta zauna, ta jingina, ta girgiza hagu da dama, sannan ta tashi ta koma kan ta gaba. In ta ji ƙafa ɗaya tana rawa, sai ta ture ta gefe. Ma'aikatanta sun daɗe da daina dariyar abin. Ni da na dawo daga karatu na tarar da ita a haka, sai na tambaye ta dalili.

"Babana," ta ce, don sunan mahaifinta aka sa mini, "gara ta kayar da ni a tsakar gidana da ta kayar da surukin wani a bainar jama'a. Ni Allah ya hore mini abin faɗuwa a kai."

Goggo ƙanwar mahaifina ce, sana'arta kuwa ba da hayar rumfuna da kujeru. Ba gadon sana'ar ta yi ba. Ɗinki ta fara yi, har idonta ya soma gajiya da ramin allura. Wata rana aka yi taro a gidanta, aka kawo kujerun haya duk maiƙo da ƙasa. Ta ce baƙinta ba za su zauna a kan wannan ƙazanta ba, ta ɗauko soso da sabulu ta wanke su tas. Da mai kujerun ya zo kwasa, sai da ya tsaya yana tambaya ko nasa ne. Nan ta gane akwai kasuwa a cikin tsabta. Ta sayar da keken ɗinkinta ta sayi kujeru 'yan kaɗan, farare ƙal. Daga kujeru aka kai ga rumfa ɗaya, daga ɗaya aka kai ga cika ɗakin da a da take ɗinki a ciki, har ƙarafan rumfa suka koma jingine a zaure.

Mijinta tsohon direban ofis ne, shi ke jan motar kaya. Yakan ce ya bar aikin ofis don ya huta, sai ya faɗa hannun shugabar da ba ta san hutun ƙarshen mako ba. Babban ma'aikacinta kuwa Dogo, magidanci mai iyali, wanda ke ɗaura saman rumfa ba tare da tsani ba.

Ni shari'a na karanta a wata ƙasa mai nisa, ɓangaren kasuwanci da na ɓarnar da mutum kan jawo wa wani. Na dawo ina jiran a kammala mini takardun fara aiki, shi ya sa na samu lokacin zama a tsakar gidan Goggo, ina miƙa mata bokiti ina kallon yadda take tafiyar da harkarta. A wannan zaman ne abin ya faru.

Wani mai sabon gida a bakin titinmu ya ɗauki babbar rumfa. Ƙofar gidan nasa ya daɓe ta da siminti mai ado, ko sati bai yi da bushewa ba. Da Dogo ya fito da turaku da guduma, sai mai gidan ya ɗaga hannu, ya ce duk wanda ya huda masa daɓe shi zai sake shi. Dogo bai son gardama da mai biya. Ya samo bulo ya danne ƙafafun rumfar, ya jijjiga ya ga ta tsaya, ya tafi. Da la'asar hadari ya haɗo. Iska ta shiga ƙarƙashin rumfar ta ɗaga ta kamar faifai, ta yar da ita gefe. A gefen kuwa shagon mai aski yake, shi kuma ya fito kwashe tawul ɗin da ya shanya. Ya kare kansa da hannun dama, ƙarfen ya sauka a wuyan hannun.

Mai askin nan duk layin a wurinsa muke aski, tun ina yaro. Mutum ne marar hayaniya, yana da mata da 'ya'ya, ba shi da wata hanyar abinci sai wannan hannun.

Washegari aka taru a ɗakinsa, na bi mijin Goggo muka je. Yana zaune a kan katifa, an ɗaure hannun da karare da tsumma a wurin mai ɗori, gumi na tsattsafo masa a goshi. Dattawan layin sun zauna, mai sabon gida ya zo da lemo a leda, Dogo ya tsuguna a bakin ƙofa kansa a ƙasa. Wani dattijo ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wani ya ce iska ai ba ta da ubangida sai Allah. Aka yi ta jero irin waɗannan, kowa na kallon mai aski, ana jiran abin da kowa ya san zai faɗa.

"Ba komai," ya ce. "Na yafe, duniya da lahira."

Aka yi addu'a, aka shafa, fuskoki suka saki. Daga bayan labule muka ji an ajiye murfin tukunya da ƙarfi.

Na girma ina ganin irin wannan zama, ban taɓa ganin aibunsa ba, har yanzu ma ina ganin alherinsa: yana kashe gaba tun ba ta yi rassa ba. Amma ranar na lura da abu guda. Duk wanda ya shiga ɗakin ya fito da sauƙi a ransa, ban da mai hannun.

Goggo ba ta shiga cikin maza ba, tana ciki wurin matarsa. Da ta dawo muka fara wankin kujeru, sai ta dube ni.

"Babana, wannan karatun da ka ƙare ƙuruciyarka a kansa, me ya ce a kan rumfata?"

Na ce mata abu na farko, wannan ba laifi ba ne irin na 'yan sanda da kurkuku. Ba wanda ya yi niyyar cutar da kowa. Amma doka ta ɗora wa duk mai sana'a nauyin ya kula da mutanen da aikinsa zai iya shafa, ko da ba su ne suka ɗauke shi aiki ba. In ya gaza yin abin da mai hankali a sana'arsa zai yi, har wani ya cutu, sunan abin sakaci, kuma gyaran ɓarnar yana wuyansa.

"To iskar fa? Ni na aiko ta?"

"Goggo, don me kike sayen turaku?"

"Don iska mana."

"To kin ga kin san tana zuwa. Abin da ake iya hangowa, ba a fakewa da shi. Da guguwa ce irin wadda ke cire rufin gidaje, wadda ko an kafa turaku sai ta tafi da rumfar, da maganar ta canza."

Ta matse soso. "Amma ni ina nan ina jin rediyo. Dogo ne ya sa bulo."

"Rumfar wa ya je kafawa? Da sunan wa aka karɓi aikin? Ma'aikaci in ya yi kuskure a cikin aikin da aka sa shi, mai sana'ar ke ɗauka. Mai cin ribar aiki shi ke ɗaukar asararsa. Shi ma mai sabon gida yana da nasa kason, tunda shi ya hana. Amma abin da ke tsakaninki da shi bai shafi mai aski ba, shi ba ya cikin cinikinku."

Na zaci za ta ji haushi. Sai ta gyaɗa kai, kamar wadda aka faɗa wa farashin da dama ta sani.

"Dama jikina ya ba ni. So nake in ji ko a can ma haka ne." Ta ɗauraye hannunta. "To yafewar da ya yi fa?"

Na ce mata mai haƙƙi yana da ikon barin haƙƙinsa, ba mai tilasta shi ya nema. Sai dai masana kan yi taka-tsantsan da yafiyar da aka yi cikin zafin ciwo, a gaban manya, tun mutum bai san girman raunin ba.

Girman raunin kuwa bai daɗe ba ya bayyana. Matar mai aski ta shigo wata safiya, ta zauna a bakin tabarma ta ƙi shan ruwa. Ta ce yatsunsa sun fara mutuwa, ta matsa masa sun je asibiti an ɗauki hoto. Likita ya ce ƙashin ya goce, sai an yi aiki an daidaita shi, kuma in aka bari ya haɗe a karkace, hannun ba zai ƙara riƙe almakashi yadda ya kamata ba. Da aka faɗa musu abin da aikin zai ci, sai ya yi godiya ya sa takalminsa suka dawo gida.

"Ya ce in na zo nan ban kyauta masa ba," ta ce. "To ga ni na zo. Shi ya yafe, Goggo. Ni da yaran ba wanda ya tambaye mu."

Goggo ta tura mijinta da saƙo a ambulan. Ko minti goma bai yi ba ya dawo da abinsa, ya ce mutumin ya ce shi ba ya lashe amansa. Sai ta tura ni.

Na same shi a bencin ƙofar shagonsa, shagon a rufe, hannun a rataye a wuya. Na yi masa bayani a hankali, duk yadda na yi wa Goggo. Ya saurare ni har ƙarshe, bai katse ni ba.

"Lauya," ya ce, "wannan doka taku ba ta da laifi. Amma ni a layin nan zan ci gaba da zama. A gaban dattawa na buɗe baki na ce na yafe. Gobe a ce mai aski ya yafe da baki ya karɓa da hannu? Wa zai ƙara miƙo mini kansa? Kuma Goggo ce fa. Ranar da aka kwantar da matata, ita ta riƙe mini yara. In ci kuɗinta saboda iska?"

"Hannun fa?"

Ya kalle shi kamar na wani. "Allah na nan."

Na dawo na faɗa wa Goggo yadda muka yi. Na ƙara da cewa matsalar, a ganina, ya haɗa abu biyu ya mai da su ɗaya. Yana ganin karɓa tamkar hukunta ta ne. Alhali diyyar ɓarna ba horo ba ce, ba kuma riba ba ce. Manufarta kawai a mayar da mutum inda yake kafin abin ya same shi, gwargwadon iko. Ana iya yafe wa mutum kuskurensa har zuciya, kuma a bar shi ya gyara abin da ya ɓata.

Goggo tana kan wata kujera tana girgizawa. Sai ta tsaya cak.

"Sake faɗa."

Na sake. Ta miƙe ta shige ɗakin ajiya, muka ji tana ture-ture tana kiran Dogo ya sauke mata jerin can ƙurya. Can ta fito, gizo-gizo a ɗankwalinta, riƙe da wata kujera shuɗiya. Na sha ganinta a ƙasan jeri, ita kaɗai a cikin farare, ban taɓa tambaya ba.

Ashe shekarun baya, lokacin Goggo ba ta da ko rumfa ɗaya, mai aski ya yi baƙi ya ari kujeru a wurinta, kyauta. Wani ƙaton baƙo ya jingina da ɗaya ta karye. Ya zo yana ba da haƙuri, ta ce ya bar zancen, ta yafe. Bayan kwana biyu sai ga shi da sabuwar kujera a ka. Ya zaga kasuwa bai samu fara ba, ya sayo shuɗiya. Ta yi ta yi ya mayar, ya ajiye mata a zaure ya yi tafiyarsa.

"Ba ta shiga cikin saiti, ba na ba da ita haya," in ji Goggo. "Kuma na kasa rabuwa da ita. Ashe ranarta take jira."

Dogo ya miƙa hannu zai ɗauka, ta buge hannun. Ta yafa mayafi, ta ɗora kujerar a ka, ta fita da rana tsaka. Na bi bayanta. Mai shagon kayan masarufi ya leƙo, masu gyaran babur suka bar abin da suke yi. Kafin mu isa, dattawa biyu daga cikin waɗanda suka yi zaman yafiya sun taso daga inuwarsu sun biyo mu, don ba kullum ake ganin Goggo da kaya a ka ba.

Ta sauke kujerar a gaban mai aski.

"Ga kayanka."

Ya dube ta, ya dubi kujerar. "Wane kaya, Goggo?"

"Kujerarka. Ka manta? Ai na ce maka na yafe a lokacin. Yanzu aka sanar da ni cewa wanda ya yafe ba ya karɓa. Ashe shekara da shekaru ina zaune da abin kunya a ɗaki ban sani ba. Na yafe da baki na karɓa da hannu. Ɗauki abarka, kar mutanen layi su daina miƙo mini taronsu."

"Haba Goggo! Ai wannan daban."

"Daban ta ina?"

"Wannan ni na ga ya dace. A hannuna ta karye. Da ban kawo ba, da ban iya haɗa ido da ke ba."

"Au! Kai ne mai ido, ni dutse ne a fuskata? Kullum sai na wuce ta ƙofar shagon nan. In gan shi a rufe, in ce me? Kai ka samu ladan yafiya, ka kuma hana ni sauke nauyi. Duka biyun kake so ka haɗa? Wannan ai haɗama ce, ɗan nan."

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi dariya har da tari. "Ta kama ka, mai aski. Yafiyarka tana nan daram, mu ne shaidu, ba wanda ya taɓa ta. Wannan kuma maganar ƙashi ce."

Mai aski ya ce, a hankali, "To, aikin asibitin kawai."

"Da cefanen gida har ka koma aiki."

"A'a, Goggo, wannan ya yi yawa."

"Babana, me doka ta ce?"

Na ce abin da mutum ya rasa na samu saboda raunin, shi ma yana cikin ɓarnar.

"Ka ji."

"To rabi."

"Albarka."

Ban taɓa ganin ciniki irin wannan ba, mai biya na hawa, mai karɓa na sauka, kowa na rantsuwa an cuce shi. Daga ƙarshe dattawan suka raba: Goggo ta ɗauki asibiti da magani gaba ɗaya, shagon kuma a buɗe shi, wani abokin sana'arsa ya riƙa aiki a ciki suna raba abin da aka samu, abin da ya gaza Goggo ta cika. Aka ce in rubuta, don kowa ya san iyakarsa, kar zumunci ya lalace a kan mantuwa. Mai aski ya kafa sharaɗi ɗaya, cewa layin farko na takardar ya nuna ya riga ya yafe. Na rubuta haka. Ban taɓa ganin yarjejeniyar sulhu da ta fara da wannan ba, amma ban san dokar da ta hana ba.

Mai sabon gida ni na je na same shi. Da farko ya ce shi ya biya kuɗin haya, ba ruwansa. Na tambaye shi wa ya ce kar a kafa turaku. Ya yi 'yan ƙunƙuni, ya ce ya tsare daɓe ga shi aljihu ya huje. Amma ya kawo nasa kason, har ya kai mai aski asibiti a motarsa ranar aikin.

Dogo ya yi zaton kora ce ko yankan albashi. Goggo ba ta yi ko ɗaya ba. Ta sa shi ya tara tsofaffin bokitan fenti, ya cika su da kankare, ya dasa zoben ƙarfe a tsakiyar kowanne. Yanzu in an je gidan da ba a son huji, da su ake ɗaure ƙafafun rumfa. Ta kuma ba shi izinin da bai taɓa samu ba: duk mai taron da ya ƙi turke ya ƙi bokiti, ya naɗe rumfar ya dawo da ita, ita za ta ji da sauran. Shuɗiyar kujera kuwa ta koma ƙuryarta, tunda mai ita ya ƙi karɓa.

Aikin asibiti ya yi kyau. Aka cire filasta, aka shiga gashi da motsa yatsu, mai aski yana matsa ƙwallon roba a bencinsa yana gaisawa da masu wucewa. Wuyan hannun bai koma lanƙwasa kamar da ba, amma yatsun sun dawo.

Ranar da ya ce zai gwada aski, mutane sun taru a ƙofar shagon ana ta barka, sai dai kowa na shafa kansa yana cewa bai daɗe da yi ba. Goggo ta zo wucewa ta ga abin da ake ciki. Ta waiwaya ta kira Dogo, wanda ke sauke bokitai daga mota.

"Zo nan. Kai za ka fara."

"Ni, Goggo? Ai gashina bai taru ba."

"Ya taru. Shiga."

Dogo ya sunkuya ya shiga, ya zauna a gaban madubi kamar mai jiran allura. Mai aski ya yafa masa ƙyalle, ya ɗaure a wuya, ya ɗauki almakashi ya gwada shi a iska.

"Dogo, in hannuna ya goce na taɓa kunne, ka yafe?"

Dogo ya nemo ni ta cikin madubi. "Zan yafe mana. Amma Lauya, kar ka yi nisa."

Aka kwashe da dariya har waje. Mai aski ya dafa kan da hagu, ya sa almakashin a bayan kunne, ya fara. Hannun bai yi rawa ba. Kafin ya gama gefe ɗaya, dattijon nan mai tari ya cire hularsa ya zauna a benci, ya ce shi ne na biye.